Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga fastoci da dattawan ikilisiya a kan tanadin Allah da amanar halitta

Iyayenmu cikin Ubangiji,

Ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da garken da aka danƙa a hannunku. Ni ɗaya ne daga cikin masu zama a benci suna sauraronku ran Lahadi, na kuma yi shekaru ina koyar da yara a makarantar Lahadi. Ban yi makarantar tauhidi ba. Yawancin abin da na sani na Littafi Mai Tsarki daga bakinku na fara jin sa, shi ya sa na kawo kukana wurinku. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Maganata a kan tanadin Allah ce, kuma babu koyarwar da ta riƙe ni a lokacin tsanani kamar ta. Na taɓa kwana a bakin gadon mara lafiya, addu'a ta ƙare a bakina, ba abin da ya rage sai abin da Ibrahim ya faɗa wa Ishaku suna hawan dutse, cewa Allah zai tanada. Ku kuka koya mini wannan, ba zan daina gode muku ba. Damuwata ita ce rabin koyarwar muke ji daga mumbari, rabin da aka bari kuwa ya soma yi mana illa.

A wata majami'ar da na daɗe ina sujada, akwai wata babbar bishiya a harabar, a inuwarta muke zama da yara. Da aka tashi faɗaɗa ginin sai aka sare ta a tsakiyar mako, daidai lokacin da tsuntsaye ke ƙyanƙyasa. Ran Lahadi wata yarinya da ba ta wuce shekara bakwai ba ta zo wurina da tafukan hannunta a haɗe. Sheƙa ce ta tsinto a cikin rassan da aka tara a gefe, da 'yan tsuntsaye biyu matattu a ciki, ko gashi ba su gama fitarwa ba, bakunansu a buɗe, tururuwa ta riga ta hau su. 'Yan makonni kafin nan mun haddace Matiyu 6:26, inda Yesu ya ce mu dubi tsuntsaye, ba sa shuka, ba sa girbi, ba sa tarawa a rumbu, amma Ubanmu na sama yana ciyar da su. Ta ɗaga kai ta ce, “Malam, ba ka ce Allah ne ke ba su abinci ba?”

Na ce mata Allah ya san da su. Gaskiya na faɗa, amma ni da ita mun san ban amsa tambayarta ba. Bayan an tashi na tambayi ɗaya daga cikin dattawa ko ba a iya jira 'yan makonni har tsuntsayen su tashi ba. Ya dafa kafaɗata ya ce, “Allah zai kula da tsuntsayensa, mu ɗakinsa muke ginawa.” Mutumin kirki ne, mai tsoron Allah, kuma abin da aka koya masa ya maimaita. Ni ma na ba da gudummawar ginin, ban kuwa taɓa tambayar makomar bishiyar ba sai da ta faɗi. Daga baya ne na ci karo da Maimaitawar Shari'a 22:6-7, inda Allah da kansa ya kafa doka a kan sheƙar tsuntsu, ya hana a kama uwa tare da 'ya'yanta, har ya ɗaura alkawarin tsawon rai a kan kiyaye wannan 'yar ƙaramar doka. Duk shekarun da na yi a ikilisiya ban taɓa jin an karanta ayar a sujada ba.

To, yaya Allah yake ciyar da tsuntsu? Ku zauna da sassafe ku kalli gwara. Tun gari bai gama wayewa ba take sauka ƙasa, ta tona nan, ta tsinci ƙwaya can, ta ɗauki tsutsa ta kai sheƙa, ta dawo, haka har rana ta faɗi. Yesu ya ce ba ta da rumbu, bai ce tana zaune ba. Abincinta yana zuwa ne ta ciyawar da ta yi 'ya'ya, da ƙwarin da ke cikin ganye, da reshen da ya ɗauki sheƙarta. Haka Zabura 104 ta zana lamarin: Allah yana ɓuɓɓugo da maɓuɓɓugai a kwaruruka domin jakunan jeji su sha, itatuwa su ƙoshi da ruwa domin shamuwa ta yi gida, duwatsu su zama mafakar rema, zakoki su yi ruri suna neman abincinsu a wurin Allah. Ita wannan bishiya da muka sare, da ita Allah yake amsa kukan waɗannan 'yan tsuntsaye. Mu muka cire ta, sannan muka ce ya kula da su.

Wannan ba sabuwar koyarwa ba ce da na ƙago. Shaidar bangaskiya ta Westminster, wadda aka kammala a 1646, ta ce a tanadinsa na yau da kullum Allah yana aiki ne ta hanyoyi da sanadai, ko da yake yana da ikon yin aiki ba tare da su ba idan ya ga dama. Tun kafin nan, a ƙarni na 13, masanin tauhidi Thomas Aquinas ya koyar cewa Allah yana tafiyar da wasu halittu ta hannun wasu, kuma dalilin haka yalwar alherinsa ne, domin ya ba halittunsa darajar zama sanadin alheri. Mu'ujiza gaskiya ce, na gaskata hankaki sun kai wa Iliya abinci a bakin rafi. Amma ko a wannan labarin, hankaka aka aika, daga rafi kuma annabin ya sha, da rafin ya ƙafe sai ya tashi.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai yana cikin Ayyukan Manzanni sura 27. Jirgin ruwan da ke ɗauke da Bulus zuwa Roma ya shiga guguwa da mutum 276 a ciki. Mala'ika ya tabbatar wa Bulus cewa ba ran da zai salwanta. Alkawari ne daga Allah, ba shakka a ciki. Duk da haka, da matuƙan jirgin suka saukar da ƙaramin kwalekwale da niyyar su sulale, Bulus ya ce wa shugaban sojojin idan mutanen nan ba su tsaya a jirgin ba, ba za ku tsira ba. Sannan ya matsa wa kowa ya ci abinci, domin kwana goma sha huɗu ke nan suna cikin fargaba ba su ci ba. Mutumin da ya fi kowa gaskata alkawarin shi ne ya fi kowa sa ido a kan matuƙa da abinci. Haka ma Yusufu a Masar. Allah ya nuna shekaru bakwai na ƙoshi da bakwai na yunwa, amma tanadin da ya ceci jama'a ya zo ne ta hanyar ware kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona, a auna, a zuba a rumbuna, a tsare, shekara bayan shekara.

Wanda ya fara ba da shawarar a yi ganganci da sunan dogara ga Allah, mun san shi, Shaiɗan ne. A ƙololuwar Haikali ya ce wa Yesu ya dira ƙasa, ya kuma kawo aya daga Zabura 91 cewa mala'iku za su tallabe shi. Yesu ya amsa cewa kada a gwada Ubangiji Allah. Al'ummar da ke zuba guba a kogin da take sha, ta ƙare dajin da ke riƙe mata ƙasa da ruwa, sannan ta ce bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci, ina ganin a kan wannan ƙololuwar take tsaye.

Akwai kuma wani abu da wa'azinmu ke tsallakewa. Muna karanta maganar tsuntsaye da furanni mu yi sauri mu kai wurin da aka ce mun fi su daraja. Lalle mun fi su, Yesu ne ya faɗa. Amma hujjar tasa ta tsaya ne a kan cewa Uban yana kula da su da gaske. A Matiyu 10 ya ce ana sayar da gwara biyu a kan ƙaramin kuɗi guda, a Luka 12 kuma biyar a kan biyu. Ku yi lissafin, ta biyar ɗin gyara ce, mai sayarwa bai ma sa mata kuɗi ba, amma Yesu ya ce ko ɗayarsu Allah bai manta da ita ba. Da Allah ya amsa wa Ayuba daga cikin guguwa, bai yi masa bayanin wahalarsa ba. Ya tambaye shi wa ke sa ruwa ya sauka a jejin da ba kowa a ciki, wa ke tanadar wa hankaka abinci sa'ad da 'ya'yanta ke kuka ga Allah, ko ya san lokacin haihuwar awakin dutse. Ruwan da ke sauka inda ba gonar kowa, ba domin mu aka yi shi ba. Alkawarin bakan gizo a Farawa 9, an ƙulla shi ne da Nuhu da zuriyarsa da kowane mai rai da ya fito daga jirgin, kuma surar ta yi ta maimaita haka. Littafin Yunusa ma da dabbobi ya rufe, Allah yana tambayar annabinsa ko bai kamata ya ji tausayin Nineba ba, birnin da ke da mutum fiye da 120,000 da dabbobi masu yawa.

Duniya ta riga ta ɗanɗana abin da ke biyo baya idan aka raina waɗannan ƙananan. A 1958 gwamnatin ƙasar Sin ta sa gwara a jerin abubuwa huɗu da za a kawar, wai tana cinye hatsi. Jama'a suka fito da ganguna da kwanoni suna kaɗawa don kada tsuntsayen su sauka, har su gaji su faɗo, aka rushe sheƙuna, aka fasa ƙwai. Abin da ba a lissafa ba shi ne gwara tana cin ƙwari. Da ta yi ƙaranci sai ƙwari da fara suka samu sake a gonaki. A 1960 aka cire ta daga jerin, amma yunwar 1959 zuwa 1961 ta riga ta kama, ta ci miliyoyin rayuka. Dalilan wannan yunwa suna da yawa, akasarinsu na manufofin gwamnati ne, kashe gwara ɗaya ne kawai daga ciki, amma yana ciki.

Sai ungulu, wadda Littafin Firistoci ya sa cikin tsuntsayen da ba a ci, wadda kuma ba mai yi mata kallon arziki. Daga shekarun 1990 ungulayen Indiya suka riƙa mutuwa, har wasu jinsunan suka ragu da fiye da kashi 95 cikin ɗari. A 2004 masu bincike suka gano sanadin: wani maganin ciwo da ake ba shanu, mai suna diclofenac, yana lalata ƙodar ungulun da ta ci mushen dabbar. An hana ba dabbobi shi a 2006. Kafin nan mushe ya yi ta ruɓewa a fili da bakin ruwa, karnukan da ba su da masu su suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru. Wani bincike da masana tattalin arziki biyu suka wallafa a 2024 ya ƙiyasta cewa rashin ungulun ya jawo ƙarin mutuwar mutane kusan rabin miliyan tsakanin 2000 da 2005. Ashe shekara da shekaru Allah yana tsare lafiyar talakawa ta bakin tsuntsuwar da ake ƙyama, ba wanda ya sani sai da ta tafi. Kuma a irin wannan masifa, wanda ba shi da kuɗin magani ko tsabtataccen ruwa shi ke fara biya.

Na san za a kawo Farawa 1:28, cewa an ba mutum mulki a kan halitta. A 1967 wani masanin tarihi Ba'amurke, Lynn White, ya rubuta cewa Kiristancin Yamma yana ɗauke da babban kaso na laifin lalacewar muhalli saboda yadda ya fahimci wannan mulki. Ban yarda da shi gaba ɗaya ba, amma muddin muna karanta sura ta 1 mu tsallake ta 2, muna ƙara wa maganarsa ƙarfi. A Farawa 2:15 an sa mutum a gonar Aidan ya nome ta, ya kuma kiyaye ta. Kalmar Ibrananci da aka fassara da kiyayewa, shamar, ita ce a cikin albarkar da kuke sa mana a ƙarshen sujada daga Littafin Ƙidaya 6:24, Ubangiji ya sa maka albarka ya kiyaye ka. Daga tushenta kuma Kayinu ya ɗauko kalmar da ya tambaya ko shi mai tsaron ɗan'uwansa ne. Irin kiyayewar da muke roƙo Allah ya yi mana, ita aka ce mu yi wa gonar. Masanin tauhidi John Calvin, da yake sharhi a kan wannan aya a ƙarni na 16, ya ce mai gona ya ci amfaninta ta yadda ba zai bar ƙasar ta lalace da sakacinsa ba, ya yi ƙoƙari ya miƙa ta ga na baya kamar yadda ya karɓa, ko ma fiye.

Inda na fi so ku dakata shi ne Littafin Firistoci sura 25. Allah ya umarci Isra'ila su bar ƙasa ta huta kowace shekara ta bakwai, ba shuka, ba girbi, abin da ya tsiro da kansa na bawa ne da baƙo da dabbar gida da ta jeji. Ya san abin da zuciyarsu za ta ce, ya ma faɗa musu tun kafin su tambaya: me za mu ci a shekara ta bakwai? Sai ya yi alkawarin sa wa shekara ta shida albarka har ta isa shekara uku. Ku duba inda dogara ga tanadin Allah ta kai mutum a nan. Ta kai shi ga ɗaga hannu daga ƙasa, ya bar wani abu bai kwashe ba. Manomin da ya gaskata Allah zai ciyar da shi ne kaɗai zai iya barin gonarsa ta huta, ya bar gefenta ga matalauta, ya ƙi sa wa sa takunkumi yana sussuka. Wanda bai gaskata ba shi ne ya ɓoye manna har gobe ta yi tsutsa ta yi wari. Saboda haka kwaɗayin da ke tatse ƙasa da teku har ƙarshe, tushensa rashin yarda ne cewa gobe ma Allah yana nan. Mu kuwa mun juya koyarwar, mun mai da “Allah zai tanada” lasisin kwashewa. Allah bai ɗauki dokar nan da wasa ba. Marubucin 2 Tarihi 36:21 ya ce shekaru saba'in na bauta a Babila, a cikinsu ne ƙasar ta samu hutun da aka hana ta.

Wasu kuma za su ce ai duniyar nan ƙonewa za ta yi, aikinmu ceton rayuka ne. Jikin nan namu ma mutuwa zai yi, amma ikilisiya ta gina asibitoci, ba fasto ɗaya da ya ce a bar mara lafiya tunda zai mutu wata rana. Bulus ya ce a Romawa 8 halitta duka tana nishi irin na mace mai naƙuda, tana jiran a 'yantar da ita daga ruɓa. Naƙuda haihuwa take jira. A Kolosiyawa 1 ya ce dukan abubuwa ta wurin Almasihu aka yi su, dominsa kuma, a cikinsa suke haɗe, ta jinin gicciyensa kuma Allah yake sulhunta su da kansa. Wahayin Yahaya 11:18 ya ambaci hukunci a kan masu hallaka duniya. Na fahimci tsoron da wasunku ke ji na kada a koma bauta wa halitta a bar Mahalicci, Romawa 1 ta yi gargaɗi a kai. Amma wanda ya kula da dukiyar da aka ba shi amana, mai dukiyar yake girmamawa, Zabura 24 kuwa ta ce duniya da duk abin da ke cikinta na Ubangiji ne.

Ba ku kaɗai za ku fara wannan magana ba. Tun 1989 Ikilisiyar Otodoks ta Kustantiniya ta keɓe 1 ga Satumba domin addu'a saboda halitta. Taron Lausanne na masu bishara da aka yi a Cape Town a 2010 ya bayyana kula da halitta a matsayin batun bishara a ƙarƙashin sarautar Almasihu. Fafaroma Francis ya fitar da wasiƙarsa a kan kula da halitta, Laudato Si', a 2015. A tsaunukan arewacin Habasha kuwa, inda noma da kiwo suka cinye yawancin tsohon daji, ragowarsa tana nan kewaye da majami'u. Daga sama za ka ga da'ira kore a tsakiyar fili fetal, majami'a a cibiyarta, domin tsara bayan tsara masu bi sun ɗauki itatuwan a matsayin wani ɓangare na wurin sujada.

Abu ɗaya nake roƙo da babbar murya, saboda ya shafi masu makoki. Idan yaro ya mutu da ruwan da wani kamfani ya gurɓata, ko ambaliya ta cinye gidaje saboda an sare dajin da ke tare ruwa ko an toshe hanyarsa, kada ku yi saurin cewa nufin Allah ne ku rufe magana. Na yarda da abin da katekizim na Heidelberg ya koyar tun 1563, cewa ruwan sama da fari, lafiya da ciwo, ba bisa tsautsayi suke zuwa ba, suna ƙarƙashin hannun Uba. Wannan ta'aziyya ce ta gaske. Amma da Yusufu ya tsaya gaban 'yan'uwansa a Farawa 50:20, sai da ya ce kun nufe ni da mugunta kafin ya ce Allah ya nufe shi da alheri. Ya faɗi duka biyun. Idan kuka faɗi na biyun kaɗai, uwar yaron za ta koma gida tana zaton Allah ne ya zuba gubar, wanda ya zuba kuwa ya zauna a bencin gaba da kwanciyar rai. Annabi Yusha'u bai ji nauyin haɗa ƙarya da sata da zub da jini da mutuwar namomin jeji da tsuntsaye da kifaye a sura ɗaya ba.

Sauran roƙon ba mai nauyi ba ne. Idan kun zo wa'azi a kan Matiyu 6, ku ɗan tsaya a kan tsuntsun kafin ku wuce zuwa gare mu. Ku karanta mana Ayuba 38 da Zabura 104 a sujada gaba ɗayansu. Ku gaya wa ɗan kasuwa da manomi da jami'in da ke sa hannu a takardar izinin sare daji ko haƙar ma'adinai cewa aikinsu na ranar Litinin yana cikin abin da za su ba da lissafinsa. Idan kwamitin gini ya kawo muku zane, ku tambaya wace bishiya za ta faɗi, ko za a iya kauce mata, in kuwa ba makawa, a jira 'ya'yan tsuntsaye su tashi, a kuma dasa wasu a madadinta. Bayan Yesu ya ciyar da mutum dubu biyar, shi da ke da ikon ƙara wata gurasar a take, ya ce a tattara gutsattsarin da suka rage don kada kome ya lalace, aka cika kwando goma sha biyu.

Yarinyar nan ta girma yanzu. A ranar mun haƙa ɗan rami a gefen katanga ni da ita da sauran yaran, muka binne sheƙar. Har yau tana bina bashin amsa, kuma akwai yara irinta a kowace makarantar Lahadi da ke ƙarƙashin kulawarku. Ina roƙonku ku koya mana, mu malamansu, abin da za mu ce musu.

Alherin Ubangijinmu Yesu Almasihu ya kasance tare da ku.

Naku cikin Ubangiji,
Wani malamin makarantar Lahadi